Almakashin Tela da Hotunan Bakin Teku

Ƙanin marigayi mijina tela ne. Tun ina amarya a gidansu na same shi da almakashi a aljihu, kuma har yau da furfura ta cinye gemunsa ban taɓa ganin zare na lilo a bakin rigar wani ya ƙyale ba. Ko a zaman makoki ne sai ya miƙa hannu ya tsinke. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da keken ɗinki biyu da dogon tebur da dutsen guga. Sauran teloli kan tara ƙyallaye a buhu saboda faci ko cikon matashi. Shi kuwa ba ya rufe shago sai ya share komai tas ya kai bola. Yakan ce abin da almakashi ya ƙi, bai kamata ido ya sake gani ba.

Matarsa, Maman Auta, faccalata ce, kuma ƙofarmu na kallon juna. Mace ce mai dariya da dukan jikinta. Da ciwon ƙirji ya kama ta, likita ya faɗi abin da ya faɗa, sai ga mutumin da bai taɓa sanin hutu ba ya sa wa shago kwaɗo. Ya ɗauke ta da ɗansu da Auta zuwa bakin teku, domin ta taɓa cewa tana son ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Suka dawo da waya cike da hotuna da bidiyo. Ba ta ga ƙarshen shekarar ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Auta ta yi aure nesa. Da ta sami ciki sai ta kira ubanta ta ce, "Baba, ka haɗa mini hotunan Mama da bidiyonta wuri ɗaya. Ina son abin da zan haifa ya san kakarsa." Ba su da wasu hotunan nata sai na aure da suka koɗe, kuma muryarta ba ta ko'ina sai a waccan wayar. Saboda wannan magana ya sayo sabuwar kwamfuta, ya ajiye ta a falo a kan teburin da marigayiyar ke jera kwanuka. Mai shagon kwamfutar ya juye masa komai daga waya, ya nuna masa yadda ake aiki da ita, ya goge wayar don ta sami wuri.

Ni ke kai masa abinci tun bayan rasuwar. Wata rana na same shi da tabarau a kan hanci, yana jan ɗan abin nan da ake kira linzami.

"Matar Yaya, zo ki ga ɗinkin da ba allura."

"Tsufa ya zo, ka koma wasan yara."

"Ke dai zauna, baƙauyiya. Nan ake yanka, nan ake haɗawa."

Na zauna. Ga Maman Auta a kan yashi, iska na ɗaga mayafinta, tana nuna wani abu a cikin ruwa. Har na yi zaton za ta juyo ta gaishe ni. Sai tari ya kama ta, ta dafe ƙirji. Ya tsayar, ya danna, wurin ya ɓace.

"Me ka yi haka?"

"Tari take. Ba zan bar wa yarinya uwarta tana tari ba."

Ya nuna mini yadda yake ciko mata kumatu a hoto, yana goge baƙin ƙasan idonta. Duk hoton da ta fito a rame ƙwarai, da duk guntun da ta zauna don gajiya, jefarwa yake. Na ce ina suke zuwa? Ya yi dariya ya ce, "Kwamfutar nan har kwandon shara gare ta. Ta fi wasu matan tsabta, ban kama suna ba." Kuma kullum kafin ya kashe ta sai ya zubar da kwandon, kamar yadda yake yi a shago.

Na ce, "Baban Auta, ka bar ko kaɗan yadda Allah ya yi shi."

Ya ce, "Wa ya taɓa kai wa mai riga ƙyallen da ya rage?" Da ya gama haɗa nasa, har tsofaffin ya zubar.

Auta ta zo gida haihuwa, cikinta ya yi nauyi. Bayan la'asar ya tara mu a falo, ya sa sabuwar riga, ya kunna. Gaskiya aikin ya yi kyau. Ga suna da rubutu mai ruwan zinariya, ga furanni a gefe, ga wani kiɗa mai sanyi. Ruwa, jiragen kamun kifi, ɗansu yana gudu, ruwa kuma. Ashe duk tafiyar baiwar Allah ba ta da lafiya, saboda haka da aka cire ciwon sai aka cire ta. Inda ta fito kaɗan ne, kuma fuskar sumul kamar faranti.

Auta ta ce, "Baba, wace ce wannan?"

"Mamarki mana. Dubi yadda ta yi kyau."

"Ina inda ta ce in cire mata takalmi? Ina inda ta yi maka dariya har ta sarƙe?"

"Na cire. Ba su yi kyau ba."

"To, ba ni na asalin."

Ya cire tabarau ya riƙe. Washegari suka kai kwamfutar wurin mai gyara, ya duba iya dubawa, ya ce an yi ta ɗora wasu abubuwa a kan gurbin, babu abin da zai dawo.

Auta ta kwaso kayanta ta dawo ɗakina. Gaisuwa kawai ke haɗa ta da ubanta. Shi kuma abincin da na kai haka nake ɗaukowa. Ina kan sallaya abin yana yi mini yawo a rai, har na tuna wani wuri a bidiyon inda hoton ke rawa, kuma su uku duk suna ciki: uban, ɗan, da Auta a bakin ruwa. Na je na same shi na ce, "A wurin nan, wa ya riƙe wayar?"

Ya dube ni. Ya ce sautin wurin yana nan, danne shi kawai ya yi da kiɗa saboda hayaniyar iska. Na kira Auta, ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ɗauke kiɗan.

Da farko iska ce. Sai numfashi, mai ɗan fito a ciki, kusa da kunne. Sai muryarta: "Baban Auta, shiga mana! Ruwa ba ya cin tela." Ta yi dariya, tari ya biyo baya, dogo, hoton yana girgiza da shi. Na ga hannunsa ya nufi linzamin. Auta ta taka ta riƙe wuyan hannun, ba ta saki ba sai da tarin ya ƙare.

Wannan guntun ta juye a wayarta. Ta haifi mace, ta koma gidanta, kuma tana kiran ubanta yanzu, ko da yake hirar ba ta tsawo. Shi ya ɗinka wa kwamfutar riga ya rufe ta.

Jiya ta kira ni. Ta ce, "Inna, don Allah, hancin yarinyar nan irin na Mama ne? Ni na kasa tunawa sosai." Na ce mata irinsa ne. Bayan na ajiye wayar na rufe ido ina neman fuskar faccalata, sai wadda ya gyara take ta zuwa mini.