Labaran, Samanjan Tudun Wada

Labaran bai taɓa zama samanja ba. Farabiti, wato ƙaramin soja, ya shiga, farabiti ya fito, kuma duk tsawon yaƙin Kamaru aikinsa bai wuce goge takalman wani hafsa Bature da ɗora masa ruwan wanka ba. Waɗanda suka je Garwa tare da shi sun ce daga bayan tanti yake jin ƙarar igwa, yana tsugune yana hura wuta. Amma da aka sallame su ya sauka Tudun Wada, lokacin unguwar ba ta wuce gidajen zana da 'yan ɗakunan laka a wajen ganuwar Zariya ba, sai ya iso da jar dara, da murɗaɗɗen gashin baki, da sanda a hammata. Ya gaya wa mai masaukinsa cewa Samanja ake ce masa. Ba wanda ya bincika, sunan ya bi shi.

Tudun Wada unguwar baƙi ce, kuma tsofaffin soja sun taru a cikinta da dama, yawancinsu ba dangi kusa. Wanda ya fara tunanin haɗa kansu Kofur Nagoda ne, Bagobiri, wanda ya baro ƙafarsa ta hagu a Kamaru, yake zaman tufkar igiya a gindin wani durumi. Ya ji an ce mazan jiya sun kafa ƙungiya a Kaduna, ya ce su ma su buɗe reshe. Abin da yake so kaɗan ne: in ɗayansu ya kwanta ciwo a leƙa shi, in ya mutu a sami masu ɗaukar makara.

Da aka zo naɗa shugaba, Nagoda ya ce shi yawo ya fi ƙarfinsa. Mahmudu, tsohon ɗan igwa wanda kunnensa ɗaya ya mutu, ya ce shi ba ya jin Turanci. Nan Labaran ya miƙe ya zazzage musu duk Turancin da ya tsinta a kicin, na ruwan zafi da na shayi da na zagi. Mutanen da suka tsaya gaban harsashi suka dubi juna, suka ba shi.

Tafiyarsa Kaduna ta farko ita ta ɓata komai. A can ya ji cewa reshen da ya fi yawan mutane shi ake ba tuta da begila. Tun a jirgin ƙasa ya fara ganin kansa ƙarƙashin tutar nan. Yana dawowa ya shiga farautar mutane. Ya bi mahauta, ya bi wanzamai, ya bi 'yan dakon tasha, ya taka har Tudun Jukun da Hanwa. Sharaɗinsa biyu ne kacal, mutum ya ɗinka rigar kaki, ya kuma iya buga ƙafa a ƙasa. A baki yake gaya wa kowa cewa Turawa na shirin raba wa mazan jiya aikin gadi da na masinja, wanda duk ba ya ciki kada ya yi kuka da kowa.

Wata rana Mahmudu ya ga wani ƙaton mahauci a sahu, rigar ta matse shi har maɓalli na shirin tashi.

Ya ce, "Samanja, wannan kuma a wace bataliya ya yi?"

Labaran ya murɗa gashin baki ya ce, "Kai dai Mahmudu ka cika tone-tone. Mutumin da kullum hannunsa cikin jini yake, me ya rage masa?"

An ba su tutar, an ba su begilar. Ba mai iya busa ta sai wani maroƙi da aka ɗauko daga wajen biki, shi ma in ya busa jakunan unguwa ne ke amsa masa. Kowace Asabar sai fareti a filin bayan kasuwa. Labaran na gaba, ƙirji waje, yana ihun lef-rai, rabin rundunar na ɗaga dama in an ce hagu. Mata masu tallar fura sukan ajiye ƙwarya su yi dariya har da hawaye. Shi a ganinsa sha'awarsa suke yi.

Nagoda yakan zo da sandar dogarawarsa ya tsaya a sahun gaba. Da farko Labaran ya mai da shi baya, wai sandar na ɓata layi. Daga baya ya ce masa, "Kofur, ka huta a gida mana. Ai mun wakilce ka." Nagoda ya koma gindin duruminsa. Zancen duba marasa lafiya kuwa, tun ranar da tuta ta zo ba a sake tayar da shi ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa tsohon ubangidan Labaran, wanda yanzu ya zama kanar, zai wuce ta Zariya a jirgin Kano, za shi gida hutu. Labaran ya kusa zaucewa. Ya sa aka wanke tuta, ya hana mutane sana'arsu, kullum fareti. Ya ce Kanar zai sauko ya duba sahu, kuma daga nan aikin gadin zai fito.

Da safen ranar Nagoda ya rasu. Ya daɗe yana fama da dungun ƙafar, wanda ya koma masa gyambo. Matarsa Rakiya ba ta sami wanda za ta aika ba, ta lulluɓa ta fito da kanta, ta tarar an ja layi a filin.

Ta ce, "Malam Labaran, ɗan'uwanku ya cika. An yi masa wanka, ku ake jira."

Labaran ya dubi rana, ya dubi sahu. "Allah ya jiƙansa. A dakata mu dawo daga tasha, a yi masa jana'iza irin ta soja, da tuta da begila."

"A ajiye gawa cikin zafin nan don Bature zai wuce?"

"Ke mace ce, ba ki san oda ba."

Mahmudu bai ji duka ba saboda kunnensa, amma abin da ya ji ya ishe shi. Ya fita daga layi, ya cire dararsa ya cusa a aljihu. Ya ce, "Duk wanda ya san ya taɓa jin warin albarushi, ya biyo ni." 'Yan tsiraru suka fita, mai ɗingishi, mai ido ɗaya, mai tari. Sahu bai ma nuna an rage shi ba, Labaran kuwa har ya ji daɗi, don masu ɓata masa layi ne suka tafi.

Su Mahmudu da maƙwabta suka kai Nagoda makwancinsa kafin azahar. A daidai lokacin rundunar Labaran na tsaye a tasha, rana na gasa su, don jirgi ya makara. Mahaucin nan ya yanke jiki ya faɗi, aka ja shi inuwa. Da jirgin ya iso, tagogin taragon Turawa duk a rufe suke. Maroƙi ya busa begila, Labaran ya ƙame ya sara wa katakon tagogi. Can wata taga ta buɗe, wani kuku ya leƙo ya watsar da ruwan wanke-wanke dab da ƙafarsa, ya rufe. Jirgi ya sha ruwa, ya yi gaba.

Kafin la'asar Labaran ya baza wa unguwa cewa Kanar ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Mutanensa da suka ga komai suka gaskata shi, don ba mai son a ce ya yini a rana a banza. Ya ja su gidan makoki da tuta, wai gaisuwa. Rakiya ta aiko daga ciki cewa ta yafe, su wuce da busarsu.

Sojojin gaske ba su sake komawa ba. Reshen kuwa sai ƙara cika yake, har ya zama ba bikin da ake yi a Tudun Wada ba a gayyaci rundunar Samanja ta buga ƙafa a ba ta goro da tuwo ba. Aikin gadi bai taɓa fitowa ba. Labaran ya yi tumbi, ya ɗinka wa kansa igiyoyi a hannun riga har wuri ya ƙare.

Shekaru suka shuɗe, babban yaƙi na biyu ya taso. Masu ɗaukar soja suka ji labarin reshen da ya fi kowane girma, suka nufo Tudun Wada da murna. Suka tarar da fili wayam. Labaran na kwance a ɗaki, an lulluɓe shi da bargo, wai sanyin ƙashi ya hana shi ko zama. A makon nan marinan Zariya suka yi cinikin da ba su taɓa yi ba, don kowa ya kai rigar kakinsa a mai da ita baƙa.