Ƙoƙon Kan Adawiyya

Ke, kin taɓa ganin ƙoƙon kanki da idonki, kina zaune da ranki? To Adawiyya ta ga nata, har a waya take yawo da shi.

Maguɗiya ce. Shekara talatin ba a kai amarya ɗaki a Ƙarfi ba sai da muryarta. In ta kama hanci ta rangaɗa, na gona sai ya ɗago kai. Katanga ɗaya ta raba mu.

Sai muƙamuƙinta na hagu ya fara tasowa. Ba ciwo, ba ruwa, sai girma, har ya kai ƙwan zabuwa. Mata suka ce daji ne. Daga nan aka daina aiko mata goron biki, wai ba a shiga da amarya da fuskar mai jiran kabari. Wannan ya fi kumburin cin ranta.

Wanta Haladu wanzami ne. Ya zo da ƙarfensa zai yi mata sakiya, har ya hura wuta. Ta ce, "Yaya, ka san abin da ke ciki?" Ya ce mugun ruwa ne. Ta ce, "Ka gan shi?" Ya ce a'a. Ta ce, "To ba mai huda ni a makance. Mai da ƙarfenka jaka."

A wani asibiti a Funtua aka ɗau hoton ƙashi, irin shafaffen nan. Likitan ya ce bai nuna zurfin abin ba, wataƙila sai an yanke muƙamuƙin. Ta ce ba ta ba da baki a kan wataƙila. Aka tura ta Zariya, ni na raka ta.

Can suka tsai da ita gaban wani inji, ta ɗora haɓa, ta ciji wani ɗan roba, injin ya kewaya kanta sau ɗaya. Shi ke nan fa. Sai ga kanta a allon likita, ba fata ba nama. Ni na kau da ido. Ita ko kujera ta ja, ta ce, "Likita, juya mini shi." Ya juya, sama, ƙasa, ta ciki. Abin na zaune a ƙashi, da iyakarsa tsaf, kamar ƙwai a akurki. Ya ce ƙashin da ke bayan abin da sauran ƙarfinsa, ƙwaƙulewa za a yi. Suka tsakuri kaɗan suka auna, ba daji ba ne. Ta ce a sa mata hoton a waya.

Aka yi aikin, haƙori biyu ta bari a can. Wata uku da aikin, Alhaji Maitama na aurar da ɗiya, ba a gayyace ta ba, ta ci ado ta shiga. Ta bi matan nan ɗaya ɗaya tana juya musu ƙoƙon kanta. "Hajiya, nuna mini dajin." Ta kama hanci ta saki guɗa, da ɗan fito ta wajen giɓin, amma har bakin titi an ji. Uwar amarya da kanta ta jawo ta gaba.

Ta ƙara shekara huɗu tana kai amare. Bara hawan jini ya kwantar da ita. Na shiga da kunu da hantsi, ta tura mini wayar, ta ce, "Tsohuwa, riƙe. Duk wadda ta ce kumburin nan ne ya kashe ni, ki juya mata shi ta gani."