Kawu Shu'ibu, Na Zo Lokacin Tsuntsaye

Ranar Asabar, 13 ga Janairu, 2024, da hantsi, ina zaune a ofishinmu a Kano Adila ta kira ni. Ba ta ko gaishe ni ba. Ta ce, "Yaya Abdulmannan, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran mahaifinta, kawuna Malam Shu'ibu Inuwa, ƙanin mahaifiyata Hajo, a gidansa da ke Tudun Shamuwa, bayan jinyar ƙirji ta kwana goma sha ɗaya. Na kamo hanya nan take, amma kafin in wuce Haɗeja an riga an kai shi makwancinsa. Ko sallarka ban samu ba, Kawu. Nan ma na makara.

Wanda bai san Tudun Shamuwa ba, ƙauye ne ƙarami a kan tudun yashi, a bakin tabki, cikin fadamar Haɗeja, ba nisa da Baturiya. Da damina ruwa kan kewaye shi ta gefe uku. A can aka haifi mahaifiyata, a can kuma ka yi shekararka saba'in da ɗoriya kana su, kana tuƙa kwalekwale. Duk kaka sai ka aiko wa yayarka bandar tarwaɗa da karfasa har Haɗeja, a naɗe cikin takardar siminti, kuma kullum akwai ƙunshi guda dabam da aka ce na ɗan Hajo ne. Haka kake kira na, har na yi furfura ba ka canza ba. Shekarar da ambaliya ta ci gonakin yankin, kwana tara ka yi kana kwashe mutane da awakinsu zuwa kan tudu, har tafin hannunka ya fashe. A wajen zaman makoki wani tsoho daga Guri ya ba ni wannan labari yana share hawaye, don kai ba ka taɓa faɗa mini ba.

Amma abin da aka fi saninka da shi tsuntsaye ne. Baƙinka kake ce musu. Idan sanyi ya shigo suka sauka a tabkin, ka san inda kirinjijiya ke kwana, ka san lungun da dinya ke kiwo, ka san zalɓen da ya shekara a nan da wanda ya zo jiya. Sau nawa aka yi faɗa da kai saboda ka kwance tsuntsu daga tarkon wani? Malaman makaranta kan kawo ɗalibai, iyalai kan zo daga Haɗeja, kai kuwa ka ɗauke su a jirgi kana nuna musu kana murna kamar kai ka ƙyanƙyashe su. Ni kaɗai ne ba na zuwa. Duk lokacin da muka yi waya sai ka ce, "Ɗan Hajo, tsuntsaye daga ƙasashe masu nisa sun zo ba wanda ya gayyace su, kai da ake gayyata daga Kano ka gagara." In yi dariya in ce baɗi in sha Allahu.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don ba yabo kaɗai ya kawo ni ba. Laifi na yi maka, kuma tunda a bainar jama'a na yi shi, a bainar jama'a zan faɗa.

Ina da ɗan fili a jaridar da nake wa aiki, inda nake ba masu karatu shawarar wuraren da za su kai iyalinsu hutu. A shekarar 2016 wani malamin makaranta ya rubuto yana tambaya ko Tudun Shamuwa ya cancanci a je, yana so ya kai ɗalibansa. Da ma ina da ɗaurin aure a Haɗeja, sai na ce bari in leƙa a hanyar komowa. Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara. Na iso da rana tsaka, da babbar riga da takalmi sau-ciki, mota ta kafe mini sau biyu a yashi, raina duk a ɓace. Tabkin ya janye ya bar taɓo, ɗan ruwan da ya rage kuwa kacala ta rufe shi, wannan doguwar ciyawar da ta addabi masunta. Tsuntsu ko ɗaya ban gani ba sai balbela biyu a bayan shanu.

Ka yi murna da ganina, ka yanka zakara ka sa matarka Inna Talatu ta dafa, amma sai da ka ce, "Kai ɗan Hajo, wa ke zuwa yanzu? Baƙin sun tafi tun watan jiya. Ka dawo bayan kaka, idan ruwa ya kwanta sanyi ya shigo, in kai ka da kaina." Na ji ka sarai. Ban kwana ba, awa uku na yi na kama hanya. Na koma Kano na zauna ƙarƙashin fanka na yanke wa garinku hukunci. Ga abin da na rubuta, ban rage harafi ba: "Tudun Shamuwa ba wurin hutu ba ne. Babu inuwar zama, babu makewayi, kacala ta cinye ruwan, tsuntsayen da ake ta zuzutawa kuwa a bakin mutanen garin kawai suke. Kada ku ɓata man motarku." Ban faɗi watan da na je ba. Ban faɗi cewa wanda ya fi kowa sanin wurin ya gaya mini ba lokacinsa ba ne. Jimlar ƙarshen nan ta yi mini daɗi a baki, wallahi har abokan aiki na karanta wa muka yi dariya. Malamin ya rubuto ya yi godiya, ya ce sun fasa.

Da ƙaramar salla ta zo muka haɗu a gidan mahaifiyata a Haɗeja. Bayan an ci tuwo ka zaro jaridar daga aljihun gaba, a ninke, ka ce ka ji an ce ɗan Hajo ya sa garinku a jarida, ka sa an nemo maka. Kai mai karatun allo ne, kana rubuta ajami da kyau, amma boko ba ka taɓa shi ba. Ka miƙo mini ka ce, "Karanta mini in ji da bakinka." Kawu, gumi ya karyo mini. Na dubi takardar, na dube ka, sai na shiga ƙirƙira. Na ce Tudun Shamuwa gari ne na mutunci da karɓar baƙi, na ce tabkinsa abin kallo ne, na ce duk wanda ya je ya nemi Malam Shu'ibu. Ina bin layukan da yatsa kamar gaske. Ka saurara har na gama, kanka a sunkuye. Sannan ka ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka." Ka karɓa ka ninke ka mayar aljihu. Na fita waje na sha iska, ina ce wa kaina na tsira.

Shekara bakwai da rabi ke nan. Duk sanyi sai ka kira ka ce baƙi sun sauka, ɗakin da ka tanadar mini yana nan. Ni kuwa kullum da uzurina: aiki, jarrabawar yara, hanya ba kyau. A cikin shekarun nan na kai iyalina Jos, na kai su Yankari, na rubuta yabon wuraren da ko rabin kirkinka ban samu a cikinsu ba. Gaskiyar ita ce kunyarka nake ji. Ina tsoron in zo in tarar wani ya karanta maka ainihin abin da ke ciki. Gyara kuwa, layi uku ne kawai a filina, ba wanda zai hana ni. Ban rubuta ba, saboda girman kai irin na mai alƙalami, ba na so masu karatu su ce jiya ya ce haka yau ya ce haka.

Ranar sadakar uku, bayan sallar asuba, Adila ta ce in zo ta nuna mini wani abu. Ta bi da ni ta bayan masallaci muka hau ƙololuwar tudun. A nan na ga rumfa ta zana mai faɗi, da benci biyu, tana fuskantar tabki. Can gefe ga makewayi an kewaye shi da kyau, da buta a rataye. A ƙasa kuma, cikin kacalar, ga hanyar jirgi an sheme ta miƙe har tsakiyar ruwa. Na ce wa ya yi wannan aikin? Sai ta ciro jaridar nan daga cikin mayafinta, ta yi ja, an lulluɓe ta da leda.

Ta ce, "Yaya, ni na karanta masa, tun satin da ta fito. Ban ɓoye masa komai ba, don ya ce in na rage kalma bai yafe ba."

Na ce, to ranar salla fa, da ya ba ni in karanta?

Ta ce, "Ya riga ya sani. Da ya dawo gida ya ce, ɗan Hajo yana da kunya, tunda ya kasa faɗa a gabana. Mai kunya kuwa zai dawo. Mu gyara masa wuri."

Na zauna a bencin. Ta buɗe takardar ta nuna mini. Ashe ka sa ta ta nuna maka inda kowane ƙorafi yake, kuma duk wanda ka gyara sai ka ɗiga masa tawada a gefe. Inuwa, ga ɗigo. Makewayi, ga ɗigo. Kacala kuwa ɗigo takwas ne a jere, saboda duk shekara takan dawo, duk shekara kakan shiga da lauje, ruwa iya ƙirji, ka sake sheme hanyar. Na bana a watan Disamba ka yi shi, cikin sanyin nan. Adila ta ga fuskata ta ce kada in ɗora wa kaina, ajali ne, kuma ko ba ni ai kana yi ne don masu zuwa. Na san ajali ne, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma ni na rubuta layin, kai ka shiga ruwan.

Layi ɗaya ne babu ɗigo a gefensa, inda na ce tsuntsayen a bakinku kawai suke, wato inda na mayar da kai maƙaryaci a gaban duk wanda ya sayi jarida. Ta ce ta taɓa tambayarka me ya sa ba ka ɗiga wa wannan ba alhali tsuntsaye suna zuwa duk shekara. Ka ce, "Wannan ba aikina ba ne. Sai ya zo ya gani da idonsa."

Muna zaune gari ya gama wayewa. Na fara jin fito, irin na kirinjijiya, daga nan daga can, sannan tabkin gaba ɗaya ya ɗauka. Abin da na zaci baƙin taɓo ne a bakin ruwa ashe tsuntsaye ne a kwance. Wani masunci ya turo jirginsa ta hanyar da ka sheme, sai suka tashi gaba ɗaya, dubbai, har suka yi wa ruwan inuwa, suka kewaya ta kan rumfar suka sake sauka. Ga dinya, ga zalɓe a tsaye, ga wasu farare da ban san sunansu ba. Na juya zan tambaya, sai na tuna wanda zan tambaya. Na yi kuka a wurin, Kawu, kukan da ban yi ba ranar da na iso.

Don haka ga amsar malamin nan, ko da ɗalibansa sun daɗe da gama makaranta. Abin da na rubuta a 2016 zalunci ne, na je a lokacin da ba a zuwa, an gaya mini, na ɓoye. Tudun Shamuwa ya cancanci a je. Ku je tsakanin Disamba da Fabrairu, ku kwana, ku tashi da asuba. Hanyar yashi ce har yanzu, sauro ma yana nan, ku riƙe gidan sauro. Za ku samu rumfa da benci, za ku samu mutanen da za su tarbe ku da furar gero da gasasshen kifi. Abin da ba za ku samu ba shi ne mutumin da zai gaya muku sunan kowane tsuntsu, wanda ya jira ni sanyi takwas.

Na roƙi Adila tawada da alƙalaminka na kara, na ɗiga wa layin nan da hannuna. Ban iya riƙe shi ba, ɗigon ya baje ya ɓata takardar. Inna Talatu ta ce in bar shi haka, ta ce ka daɗe da yafe mini, ko sau ɗaya ba ta ji ka ambace ni da mugun abu ba. Na yarda da ita. Sai dai ni ban taɓa buɗe baki na nema ba, wannan kuma zai zauna da ni.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Shu'ibu, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya rufa mini asiri ranar da yake da ikon kunyata ni, ka rufa masa asiri ranar tsayuwa. Yadda ya tsallakar da bayinka daga ruwa, ka tsallakar da shi siraɗi, ka sa Aljannar Firdausi ce masaukinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Talatu, da ƙanwata Adila da 'yan'uwanta, da mahaifiyata Hajo wadda ta rasa ƙaninta ɗaya tilo, da masuntan Tudun Shamuwa baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo.

Na zo na gani, Kawu. Gaskiya ka faɗa.