Wushirya a Bakin Ƙoƙo

Illa Gyartai mutumin Gaffati ne. Bai san shekarar haihuwarsa ba. Abin da aka gaya masa kawai, an haife shi shekarar da fara ta cinye gero tun yana tsaye. Sa'ad da na san shi, farkon 1985, na ba shi shekara sittin ko kusa da haka. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, idonsa na hagu ya yi yana. Sana'arsa ɗinkin ƙwarya. Wurin ubansa ya koya, uban kuma wurin wani kawunsa. Da damina yana noma gero, da rani ya rataya jakar basilla ya bi ƙauyuka, daga Gaffati har Zermu, mata suna fito masa da abin da ya fashe.

Kwanon ƙarfe da roba sun kusa kashe sana'ar. Ya gaya mini akwai ranin da ya yi kwana tara yana yawo bai ɗinka komai ba sai ludayi biyu. Daga nan fari ya zo. Shekara biyu a jere duma bai yi ba, babu sabuwar ƙwarya a kasuwa, mata suka koma zaƙulo tsofaffin da suka jefa bayan rumbu.

"Fari ya kashe mini gona, ya tayar mini da sana'a," in ji shi. "Sai dai masu kawo ƙwaryar ba su da abin zubawa a ciki."

Gonar da take ba shi dami arba'in, uku ta ba shi a 1984. Ya toshe ƙofar ɗakinsa da ƙaya, ya taho Damagaram shi da matarsa Kulu, suka sauka a zauren wani ɗan'uwanta a unguwar Zango. Kullum da hantsi yana shimfiɗa buhu a gindin wata bishiyar dogon yaro kusa da kasuwa.

Aikinsa ba shi da gaggawa. Kafin ya taɓa wuƙa, yakan rufe ido ya zagaya bakin ƙwaryar da babban yatsa, don ya ce yatsan ya fi idon nasa gani. Sai ya jiƙa wurin tsagar, ya gasa basilla, ya huda ramuka biyu-biyu, ya ɗinke da zaren kaba, ya shafe ɗinkin da ƙaro. A da yana zuba ruwa ya ga ko tana yoyo. Amma a shekarar nan ruwa a garinmu ba abin gwaji ba ne, mata kwana suke a layin famfo. Sai ya koma ɗaga ƙwaryar ya tare rana da ita. In haske bai ratso ba, aiki ya yi.

Ni a lokacin ina koyar da lissafi a lise, wato babbar makarantar sakandare. Muna da ɗiya ɗaya, ni da matata Zuliha. Sunanta Wasila. Ɗiyar fari ce, don haka ban taɓa kiran sunan da bakina ba, duk da karatun da na yi a jami'a. Yau ma rubuta shi na yi. Tana da shekara huɗu da wata biyu ƙyanda ta shigo gari tare da mutanen da yunwa ta koro. Yarinyar ta kamu, ta kwana shida tana jinya. Ranar Talata, tsakanin azahar da la'asar, ta rasu.

A gidan su Zuliha akwai wani ɗan ƙoƙo da kakarta ta bari. Da shi ake ba kowane yaro kunun farko ranar yaye. Da shi aka yaye uwar Zuliha, da Zuliha, da yarinyar. Ya yi ja saboda tsufa, yana da zanen wuta siriri a gindinsa. Ita yarinyar ba ta rabu da shi ba bayan yaye. In ta gama shan kunu sai ta ciji bakinsa tana kallon mutane, wuri ɗaya kullum, har haƙoranta suka zauna a jikinsa. Kwana uku kafin zazzaɓi ya kama ta, ƙoƙon ya suɓuce mata a kan dakali, ya tsage daga baki zuwa tsakiya. Na ɗaga mata murya. Ban san ita ce ta ƙarshe ba.

Wata biyu bayan rasuwar, Mutari ya zo daga Yamai. Tare muka yi jami'a, shi ya shiga aikin tele, wato gidan talabijin. Yana da wani shiri da ya sa wa suna Kayan Gado, ana nuna shi kowane mako, mutane suna taruwa a filin samariya, dandalin matasa, su kalla. Tsarin shirin ɗaya ne kullum. Wani ya kawo abin da ya gada ya lalace, sirdi ko tasa ko akwatin amarya, ya ba da tarihinsa. Mai sana'a ya gyara. A rufe da ƙyalle, a yaye, mai abu ya yi murna. Mutari ya ce a shekara irin wannan mutane suna bukatar su ga wani abu ya gyaru a gaban idonsu, ko da a cikin akwati ne. Ban ga laifin maganarsa ba. Ya riga ya sami baduku da maƙeri, saura gyartai, saura kuma abin da za a kai masa.

Zuliha ce ta ɗauko ƙoƙon daga ƙasan adaka. Tana da cikin wata uku.

"Malam, kai masa," ta ce. "Wanda ke tafe zai bukace shi."

Na naɗe shi a hankici muka tafi Zango da hantsi, ni da Mutari da mai ɗaukar hoto. Illa ya dubi injin ɗaukar hoton a kan ƙafafunsa uku, ya dubi Mutari.

"Ɗan nan, ku mutanen Yamai ƙwaryarku ba ta fashewa ne, sai kun zo Damagaram kallo?"

"Baba, duk Nijar za ta gan ka. In na ɗaga hannu ka fara. Kada ka dubi injin."

"Ni da ido ɗaya? In na ba shi, wa zai dubi aikin?"

Matan da ke jiran ƙorensu suka yi dariya. Mutari ya ce batir ɗinsu na minti ashirin ne, a yi a hanzarta. Ya ɗaga hannu. Na faɗi abin da muka shirya: ƙoƙon kakar matata ne, ya haura shekara saba'in, ya faɗi ya tsage. Ban faɗi daga hannun wa ya faɗo ba. Na miƙa.

Illa ya rufe ido, ya ɗora yatsa a bakin ƙoƙon ya fara zagayawa. Ya wuce tsagar bai tsaya ba. Can gaba kaɗan ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi.

"Ɓera ne, ko?" in ji Mutari, don ya ba shirin magana. "Sai a kankare wurin ya koma sabo."

"Ɓera gaigaya yake," in ji Illa, idonsa a rufe. "Wannan cizo ne. Ƙaramin mutum. Ga haƙori, ga haƙori, ga fili a tsakaninsu." Ya ɗan yi murmushi. "Mai wushirya."

Ya buɗe ido ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman makaranta.

"Mushe, mai haƙoran na nan?"

Akwai mata shida a wurin, da injin, da abokin karatuna. Uba ba ya tsayawa a bakin kasuwa ya yi zancen ɗiyar fari. Na ce, "Mai abu ya karɓi abinsa."

"Allah ya sa mai ceto ce," in ji shi. Matan suka amsa da amin. Mutari ya sauke hannunsa a hankali.

"Habu," ya ce mini, "ba ka gaya mini ba."

Illa ya juya ƙoƙon zuwa haske ya nuna mini da farce. Daga gindin kowane haƙori wani siririn layi ya fara gangarowa, kamar gashi.

"Ga gaskiyar aikin, Mushe. In na ɗinke tsagar na bar bakin yadda yake, zaren zai ja, nan ne zai buɗe. Ba zai kai kaka ba. In na rage bakin da faɗin yatsa, zai yaye jikokinka. Amma wurin nan zai tafi. Wanne kake so?"

Ni mai koyar da lissafi ne, na saba da tambaya mai amsa ɗaya. Na tuna yadda take leƙo mu ta saman ƙoƙon da kunu a haɓarta. Na tuna Zuliha durƙushe gaban adaka.

"Yi yadda ake yi, Baba," na ce.

Yadda ake yi, na gani daga baya a kan ƙoren wasu, shi ne a fere bakin da wuƙa kamar ana fere rogo, ɓarɓashin ya zube ƙasa. Ba ya cin minti biyar. Illa bai yi haka ba. Ya aika aka karɓo masa rabin moɗa na ruwan shansa wurin Kulu, ya jiƙa ƙyalle ya naɗe bakin ƙoƙon, ya zauna yana jira.

"Baba, batir," in ji mai ɗaukar hoto.

"Ka ba shi haƙuri."

Da wurin ya yi laushi, ya ɗauki ƙaramar wuƙa ya ja layi a ƙarƙashin haƙoran da tsininta. Ya sake bin layin. Ya sake. Na ƙirga har sau talatin da ɗaya, daga nan na daina. Injin ya mutu tun bai kai rabi ba. Mutari ya zauna a ƙasa da wandonsa na Yamai. Wajen azahar wani ɗan yanki mai tsawon yatsa ya rabu da ƙoƙon, bai karye ba. Illa ya ajiye shi a kan gwiwarsa. Sa'an nan ya fere sauran bakin ya daidaita, ya gasa basilla, ya yi ɗinki goma sha tara, ya shafe da ƙaro. Ya ɗaga ƙoƙon ya tare rana. Haske bai ratso ba.

Babu ƙyallen da aka yaye, babu wanda ya yi murna. Ya miƙo mini ƙoƙon da hannun dama, sa'an nan ya sa mini ɗan yankin a tafin hannu ya naɗe yatsuna a kansa.

"Ni da Kulu uku muka binne," ya ce. "Ba wanda ya bar mana ko wannan. Ka adana. Amma kada ka riƙa shafa shi, Mushe. Yatsa yana cin ƙwarya."

An nuna shirin bayan wata ɗaya. Baduku da maƙeri suka cika shi. Na Illa daƙiƙa arba'in da bakwai ne, na duba agogo: hannaye biyu, da yatsa yana zagaya bakin ƙoƙo. Mutari ya cire muryoyinmu duka, na kuma gode masa. Illa bai je kallo ba. Ya ce ya san hannunsa.

Na riƙa biyawa ta gindin dogon yaron in na taso daga lise. A can na ji yawancin abin da na rubuta a nan. Bai sake tayar da zancen ƙoƙon ba, ni ma haka. Mukan yi hirar irin gero, da jakinsa da ya mutu a farin 1973, wanda ya ce ya fi wasu ƴan'uwansa hankali. Da ruwan farko ya sauka a 1985 ya naɗe buhunsa suka koma Gaffati. Shekara biyu bayan haka na je neman sa. Kulu ce ta fito. Ta ce ya rasu da kaka, bayan an gama ɗaurin gero, kuma jakar basillar tana rataye, ba wanda ya nema.

Cikin Zuliha ya zube a wata na biyar. Bayansa ba a sake samun wani ba. Ƙoƙon yana ƙasan adaka, ɗinkinsa goma sha tara ko ɗaya bai saki ba. Illa bai yi ƙarya ba, zai iya yaye jikoki.

Ɗan yankin kuwa na sa shi a gwangwanin alli, a aljihun teburina na lise. Na yi niyyar bin maganar Illa. Amma tsakanin darasi da darasi, in ɗalibai sun fita, nakan buɗe gwangwanin in ɗora yatsa sau ɗaya: haƙori, fili, haƙori. Sau ɗaya kawai a yini. Na yi shekara ashirin da shida ina koyarwa bayan haka.

Bara Zuliha ta ce in nuna mata. Ba ta taɓa tambaya ba sai ranar. Ta kai shi bakin taga, ta juya shi, ta sake juyawa.

"Malam, ina wurin?"

Na kama yatsanta na ɗora daidai inda yake. Ni na san wurin, ko a cikin duhu. Ta shafa a hankali, ta koma baya, ta sake bi, kamar yadda Illa ya yi.

"Ban ji komai ba," ta ce.