Jiragen Hajja Bakhita Duk Sun Nutse

Duk wanda ya zauna a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira ya san Hajja Bakhita mai lalle. Ko bai san fuskarta ba ya san ƙamshinta, don kafin ta shawo kwanar layinmu humrarta ta riga ta yi sallama. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanta ya baro Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin Hajji, ya yada zango a bakin Nilu, har ya mutu bai tashi ba. Can aka haife ta, can ta yi aure ta binne miji, sai yaƙi ya koro ta Alƙahira ita da ɗanta tilo, Hussain. Ɗakinmu na ɗalibai yana kallon nata, kuma tun ranar da ta ɗanɗana miyata ta tambaye ni ko wanki na yi da ruwan, na san za mu shirya.

Matar nan ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba, amma ban ga mai son jirage kamarta ba. Laifin Eman ne, wata Bamisriya da take yi wa lalle, mai zagayawa da baƙi a wani ɗan gidan tarihi na sojan ruwa. Sau ɗaya ta gayyace ta, shi ke nan Hajja ta samu wurin zuwa. Jirage ne 'yan mitsi-mitsi a akwatunan gilashi, an sassaƙa su daidai da na da: na zamanin Fir'auna, na Turkawa masu jerin igwa a ciki, na 'yan kasuwar Bahar Maliya. Sai ta ƙura wa igiyoyin ido, sirara kamar zaren ɗinki, kowace da ƙullinta, ta ce wanda ya yi wannan da lalle ya koya da ta rasa abinci. Tana da na hannun dama, wani mai dogon hanci da ta raɗa wa Alhaji. Akwai kuma wanda ba ta ko kallo, wai girman kai gare shi.

Ana nan sai Hussain ya fara canzawa. Ya rage zaman shagon gyaran waya, ya koma ƙus-ƙus da wasu samari a bakin layi. Ba a daɗe ba maganar ta fito: ya samu hanya, zai bi ta Libiya ya hau jirgi ya tsallaka Turai. Hajja ta yi kuka, ta yi faɗa, ta haɗa shi da liman. Ya ce, "Yumma, khalas, na gama magana." Ni kam haushinsa ya cika ni, har gaisuwarsa na daina amsawa.

Sai ta yi shiru, kuma duk wanda ya san Hajja ya san shirunta ba na alheri ba ne. Wata Asabar ta tashi da ɗingishi, ta ce lallai Hussain ya raka ta gidan tarihi ta gaida Alhaji, tunda ya kusa barin ta ba mai riƙe mata hannu. Ni ma ta ja ni. A mota ta matso kunnena ta ce, "Bitti, 'yata, yau ki riƙe dariyarki. Eman ta san aikinta."

Muna shiga ta tsaya gaban jirgin Turkawa.

"Eman, wannan kyakkyawan yanzu yana ina?"

"Ya nutse, ya Hajja."

Hajja ta tafa hannu ta yi salati, tana satar kallon Hussain. Muka matsa gaba.

"Wannan fa?"

"Ya nutse, da kowa da kowa."

Har Alhaji ta sadaukar, ba ta ko ƙifta ido ba. Ita kuwa Eman aikin ya yi mata daɗi, ta fara ƙarin gishiri: wannan guguwa ta raba shi biyu, wancan kifaye sun yi sati suna walima. A haka muka iso kan na Fir'auna, wanda ko 'yan firamare sun san a cikin yashi aka tono irinsa.

"Ya nutse," in ji Eman, tun ba a tambaye ta ba.

Hussain ya ce, "A cikin yashi, ya ustaza?"

Ta ce, "Yashin wurin yana da zurfi."

Ni na fara fashewa da dariya, Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina. Hussain ya dubi hannun Eman, lalle sabo fil har gwiwar hannu, ya dubi uwarsa, sai ya kama bango yana dariya. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Hajja ba ta yi dariya ba. Ta miƙe sosai, ɗingishin ya tafi inda ya fito.

"To, na shirya ƙarya, Allah ya yafe min. Wasu sun nutse, wasu sun isa. Amma zagaya ɗakin nan, ya waladi, ɗana, ka nuna min irin wanda za ka hau."

Ya waiga hagu da dama, dariyar na sauka daga fuskarsa. "Na roba ne, Yumma. Ba a ajiye irinsa a nan."

"Na sani. Waɗannan ko sun nutse an san sunansu, an sassaƙa su, an sa a gilashi. Uwar matuƙi tana da inda za ta zo ta tsaya. Ni in naka ya kife, ina zan je in tsaya?"

Wallahi sai da na juya baya na share ido. Eman ma ta shiga goge gilashin da ba ƙura. Hussain ya kama hannun uwarsa muka fito.

Har yau yana Ashir yana gyaran wayoyi. In ka tambaye shi sai ya ɗaure fuska ya ce shi fa bai fasa ba, ɗage tafiyar ya yi. Na kai wa Hajja wannan magana don in ji ta bakinta. Ba ta ko ɗago daga ƙafar amaryar da take zana wa ba.

"Tamam, ba laifi," ta ce. "Ya yi ta ɗagewa. Ni dai ya tsaya ya zuba min ƙasa da hannunsa tukuna."