Tokar da ke Kan Batir

Kwana biyar ke nan da faruwar abin. Na ce bari in rubuta, ko zuciyata ta sauka.

Muna yara a Kubwa, in an ɗauke wuta bayan magariba, wajen murhun Kaka muke taruwa. Mahaifiyar Babana ce, sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara, Baba kuma ya ce Uwata. Tana gasa mana masara, tana juya ta da yatsu kamar ba ta jin zafi, sai ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce mu ne.

Akwai wata tatsuniyarta da ba na so, don babu kura a ciki, babu waƙa. Wai an yi ruwa kwana bakwai a wani gari, wutar kowane gida ta mutu, sai murhu ɗaya da ke ɗan hayaƙi a gidan wata yarinya mai suna Tabawa, wadda ƙaninta jariri yake sandarewa da sanyi. Mutanen gari suka zo taimako. Wannan ya ƙara itace, wancan ya yi fifita da faifai, wani ya doki duwatsun murhun don haushi. Hayaƙi dai, babu harshen wuta. Da suka gaji suka ce ta mutu, suka watse. Tabawa na kuka, sai kazar gidan ta zo neman abinci, ta tona tokar da ƙafa. Ga garwashi ja wur a ƙasa.

"Shi ke nan?" in ji ni.

"Me kike so kuma, Takwara, kazar ta yi rawa?" in ji Kaka. "Abin da ke hayaƙi bai mutu ba. Kafin ki ƙara masa itace, duba abin da ya rufe shi."

Ranar Talatar nan da ta wuce na raka Baba ɗauko mangwaro a wata gona can bayan Zuba, a tsohuwar a-kori-kurarsa. Mai gonar wata dattijuwa ce Bagwariya, Mama Ladi. Mun kusa gama lodi wajen la'asar, Baba ya sunkuya ɗaukar kwandon ƙarshe, maciji ya sare shi a idon sawu. Kafin mu kama Baba mu sa a mota, ƙafar ta fara kumbura. Wayata babu sabis ko layi ɗaya. Daga gonar zuwa titi tafiyar awa guda ce a ƙasa.

Baba ya koya mini tuƙi a filin makaranta, don haka na shiga na murɗa makulli. Ƙas. Na sake. Ƙas, ƙas. Injin ko juyawa bai yi ba.

"Yarinya, ka buga shi da dutse," in ji Mama Ladi. "Haka direbobi yana yi."

Na shiga ƙarƙashin motar na bubbuga sitata mai tayar da injin, na fito na murɗa. Ƙas. Muka gwada turawa, mata biyu da mota cike da mangwaro a cikin yashi. Ko motsi. Na leƙa wajen Baba, gumi ya jiƙe masa riga, ya tofar da yawu na ga jini a ciki.

"Uwata," ya ce a hankali, "batir ya mutu. Bar ta. Zo ki zauna kusa da ni, akwai abin da zan gaya miki."

Na san irin maganar da yake so ya yi, na ce ba zan ji ba. Na kifa kaina a sitiyari ina ta "Innalillahi", hannuna na murɗa makulli ba da sanina ba. Ƙas. A nan muryar Kaka ta faɗo mini, har da ƙamshin masarar. Abin da ya mutu ai ba ya cewa ƙas.

Na kunna fitilun gaba, na ce Mama Ladi ta tsaya ta duba. Ta ce suna ci. Na murɗa makulli, ta ce, "Ya mutu gaba ɗaya." Na saki, suka dawo. Ashe wuta tana nan, hanyar wucewa ce ba ta isa ba.

Na buɗe bonet. Baba yana da ɗabi'a: kullum in ya ajiye mota sai ya zare wayar kan batir saboda ɓarayi, da safe ya mayar. Yau da gobe maƙalar ta saki, sai ya riƙa cusa ƙusa a gefe don ta kama. Na taɓa wurin, da zafi, kuma ya juya a hannuna. Wani farin gari mai kore-kore ya lulluɓe shi, sak toka.

Na zare wayar. Da wuƙar yanka mangwaro na kankare kan batirin da cikin maƙalar har ƙarfe ya yi haske, na yanke yatsana ban ma ji ba. Mama Ladi ta zuba ruwan gorarta, na goge da gefen mayafina. Na mayar, na cusa ƙusar, na ɗan daddoka da dutse har ta daina motsi.

Na yi bisimilla na murɗa. Motar ta yi tari sau biyu, ta tashi.

Ban tuna yadda na fita daga yashin nan ba. Na dai tuna Mama Ladi ta matsu a gefe riƙe da kan Baba, tana ce masa, "Oga, kar ki yi barci."

An yi masa allura a asibiti. Likita ya ce mun zo a kan gaɓa, amma ba a sallame mu ba tukuna, ƙafar har yanzu kamar turmi take.

Kaka ta rasu ina aji biyu na sakandare, ban taɓa ce mata tatsuniyar kazar ta yi daɗi ba. A da na ɗauka tana koya mana hura wuta ne. Yanzu in Baba ya yi barci a gadon asibiti, numfashinsa ya yi ƙasa har na daina ji, tsoro yakan kama ni. Sai in kawo bayan hannuna kusa da hancinsa, in ji ɗumi yana fita kaɗan-kaɗan. Da hayaƙi, Kaka. Ina nan zaune, ban watse ba.