Muryar Baffa a Bakin Katafila

Shekarun da na yi ina fassara katun zuwa Hausa, a wani tsohon sito na yi su a Sharada, cikin Kano, bayan wani kamfani da yake buga bokitai da kujerun roba. Mai wurin ya yanke kusurwa ɗaya da katako, ya manna katifu da kwalin ƙwai a bango, ya ce ga sutudiyo. Mu biyu ne kullum a ciki, ni da mai haɗa sauti, wani mutumin Filato mai haƙuri wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni tsabta. Ni nake sauraron Turancin in juya shi, ni nake yin muryar mata da ta yara. Muryoyin maza kuwa sai mun nemo a waje. Injin maƙwabtanmu in ya fara bugu har a haƙori ake jinsa, don haka ba ma ɗaukar murya sai an kashe shi da rana, lokacin da ma'aikatan safe suke fita na yamma suna shiga. Abin da muka samu a ɗan tsakanin nan, shi ne aikin ranar.

Wata shekara aka kawo mana wani katun mai dogon zango, na mutum-mutumin ƙarfe, gida biyu suna yaƙi. Kowannensu yana iya naɗe jikinsa ya koma mota ko jirgi, ya ruga a guje, ya sake warwarewa ya ci gaba da harbi. Har yau ban san abin da suke faɗa a kansa ba, alhali ni na fassara shi. Yara dai suna so, ana turawa daga waya zuwa waya, mai sutudiyo yana murmushi.

A cikinsu akwai wani mai tsatsa a kafaɗa wanda yake komawa katafila. Yayansa yana ɓangaren abokan gaba, shi jirgi mai saukar ungulu yake zama. Mun gwada maza da dama a muryar katafilar nan, duk sai ka ji kamar mai tallan maganin basir. Mai haɗa sauti ya ƙara musu amo, ya ƙara musu kauri, abin ya ƙi. Sai na tuna da Baffa.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Ya yi rayuwarsa a wani kamfanin jima a Challawa, wajen manyan gangunan da ake juya fata a cikin magani. A hankali muryarsa ta dishe, ta koma kamar ana jan kwano a kan siminti, daga baya ƙarfinsa ya ragu ya bar aikin. Da na kawo shi ya yi gwaji, mai haɗa sauti ya cire abin kunnensa ya dube ni ya ce, "Anti, wannan ba sai na taɓa komai ba." Baffa ba ya karatun boko da sauri, saboda haka ni nake faɗa masa layi, shi kuma ya maimaita a makirufo. Bai taɓa tambayar me ya sa ƙarfe yake magana ba. Sai dai yakan ce katafilar nan da ganinta ba a yi mata juyen mai a kan lokaci.

Shi da Babana ba sa magana. Ya kamata in faɗi yadda abin yake, domin ba irin gabar da aka sani ba ce. Lokacin da mahaifiyarsu take jinya a ƙauye, Baba yana aiki a wata masaƙa a Bompai, ana tsakiyar rage ma'aikata, wanda duk ya ɗaga ƙafa ba ya dawowa ya tarar da wurinsa. Baba ya ce zai je ƙarshen mako. Kafin ƙarshen makon ta rasu. A wurin zaman makoki, tabarma cike da dattawan gari, Baffa ya ce masa, "Ka zaɓi injin Nasara a kan wadda ta haife ka." Masaƙar ma ba ta daɗe ba aka rufe ta, Baba ya koma gidansa a Na'ibawa ya zauna.

Su biyun masu addini ne, sun san bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa ba. Sai suka samo dabara. In sun haɗu a suna ko jana'iza, Baffa zai yi sallama, Baba zai amsa cikakkiya har da rahama da albarka, kowa ya kama gabansa. Ba malamin da zai ce suna gaba, ba kuma ɗan'uwan da zai ce suna shiri. Tun ina 'yan mata suke haka har na yi aure na haifi 'ya'ya. Ni ce mai sunan mahaifiyar tasu, kowannensu "uwata" yake ce mini, kuma kowanne in na ɗauko zancen ɗayan sai ya tambaye ni ya yara.

Muna tsakiyar katun ɗin Baffa ya fara kasa haɗiye tuwo. Aka yi ta zuwa asibiti. Wata rana muna tsaye a bakin titin Sharada muna jiran adaidaita sahu, ma'aikata suna ta wucewa da kwanukan abincinsu, ya ce mini likita ya ce akwai abu a maƙogwaro, sai an cire, kuma in an cire muryar ta tafi ke nan.

Na ce, "Baffa, ku je ku sami Baba tun kuna iya magana."

Ya ce, "Na je, uwata. Na tsaya a ƙofar gida na yi sallama, ya amsa. Daga nan sai na rasa ta inda ake ci gaba. Mun saba a nan ake tsayawa."

Na gaya wa Baba batun tiyatar da yamma. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara ƙarar rediyonsa. Na ji haushinsa ƙwarai, amma na ƙyale shi, don mutum ne da in ka matsa masa sai ya ƙara ƙafewa.

Kashin katun ɗin da ya rage wa Baffa kafin a kwantar da shi, shi ne wanda katafilar take faɗuwa. 'Yan'uwan biyu sun haɗu a wani kwari, yayan ya harbe shi a ƙirji, ya zube yana hayaƙi, rabinsa mutum rabinsa katafila, don ya kasa ƙarasa rikiɗar. Yayan ya sauko ya tsaya a kansa. A Turancin, abin da na ƙasan yake cewa gajere ne, kuma barazana ce. Na juya shi da cewa, "Ko a yau ko gobe sai na ga bayanka."

Aka kashe injin maƙwabta. Mai haɗa sauti ya ɗaga hannu. Na faɗa wa Baffa layin, ya gyaɗa kai, ya matso kusa da makirufo yana kallon hoton. Sannan ya ce:

"Yaya, maganar da na faɗa maka a gaban mutane, ban kyauta ba. Na san ka so zuwa. Na san bakinmu kake ciyarwa, har da nawa. Zafin rashi ne ya sa na nemi wanda zan ɗora wa. Ka yafe mini tun ina iya roƙonka da bakina."

Mai haɗa sauti ya dube ni, na dubi bango. Ya ce a hankali, "Baffa, mu sake ɗauka?"

Baffa ya ce, "Wanda ya ga zai mutu ba ya cewa sai ya ga bayan wani. Ku da kuka yi boko ba ku san wannan ba?" Ya ɗauki hularsa. Kafin in ce wani abu injin bokitai ya tashi, aikin ranar ya ƙare. Washegari kuma aka ce Baffa ya kwana da tari, bai iya fitowa ba.

Muka zauna ni da mai haɗa sauti muna kallon abin da muke da shi. Maganar Baffa ta fi hoton tsawo nesa ba kusa ba. Mai haɗa sauti ya ce zai iya yanko kalmomi daga tsofaffin kashi ya harhaɗa barazanar, ba wanda zai gane. Zai kuma iya rage gudun hoton, ya maimaita wurin da hayaƙi yake tashi, tunda katafilar ba ta da leɓe balle a ce bakinta bai bi magana ba. Ya ce, "Ke ce mai fassara, Anti." Na ce ya ja hoton, a bar maganar Baffa yadda take. Mai sutudiyo ba ya kallon abin da muke fitarwa, adadin masu saukewa kawai yake dubawa.

Ranar Asabar nakan kai yarana gidan Baba, su haɗu da sauran jikoki a falo su kalli sabon kashi kafin ya fita gari. Baba ba ya kallo. Aikina a wurinsa wasan 'yar tsana ne, kuma bai san Baffa yana ciki ba, don in an kunna yakan fita zaure. Ranar nan na ajiye masa furarsa a falo da gangan. Yana zaune yana damawa aka zo kwarin, aka yi harbin, katafila ta faɗi. Muryar tana fitowa ludayin ya tsaya a hannunsa.

Da ta ƙare, babban ɗana ya ce, "Wai me ya faɗa a gaban mutane? Ba a nuna mana wurin ba."

Baba ya ce, "Mayar da shi baya."

Aka mayar. Ya saurara kansa a ƙasa. Yara suka fara ƙorafi a bar su su ga ƙarshen faɗan, ya ce a sake mayarwa. Sannan ya juyo gare ni.

"Uwata, ke kika rubuta masa wannan?"

"A'a, Baba. Abin da na rubuta daban."

"Su wa suke kallon abin nan?"

Na ce yara ne galibi, amma a gida ake kallo, iyaye suna ji. Kano da Jigawa, har Nijar ana turawa, har ƙauyenmu ma.

Ya ce, "To." Ya shanye furarsa ya tashi ya yi alwala.

Kashin ya fita gari. Masu kallo suka yi ta rubuto mana cewa fassarar ta kauce, musamman da kashi na gaba ya zo, aka ga 'yan gidansu sun ja katafilar zuwa gareji sun gyara ta, ta fito tana neman yayanta da bindiga kamar ba ita ta nemi gafara ba. Wani saurayi muka sa ya yi muryar, mai haɗa sauti ya yi iya ƙoƙarinsa, ba ta yi kama ba. Wata mata kuwa ta rubuto cewa ita wurin nan ya sa ta kuka, ba ta san dalili ba.

Ranar tiyata na sake gaya wa Baba. Ya ce Allah ya sa a yi a sa'a, bai tashi daga tabarmarsa ba. A ranar na cire rai, na ce a zuciyata tsofaffin nan biyu haka za su je kabari da sallamarsu. Na tafi asibiti ni kaɗai na zauna da matar Baffa a kan benci. Aka yi aikin, aka fito da shi da bandeji a wuya da wani ɗan bututu da yake numfashi ta ciki.

Bayan ya farfaɗo sosai, wata la'asar ina ba shi ruwa da cokali, na ji sallama a bakin ƙofar ɗakin. Baba ne, da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, da ledar lemo a hannu, abin da mai ciwon ba zai iya sha ba. Baffa ya buɗe baki zai amsa, iska kawai ta fito ta bututun. Ni na amsa. Baba ya tsaya a inda suka saba tsayawa, har na ga kamar zai juya. Sai ya ƙaraso ya ja kujera.

Baffa ya yunƙura, leɓensa yana motsi, yana nuna ƙirjinsa yana nuna Baba.

Baba ya ce, "Kwanta. Na ji. Jikokin nan kullum sai sun kunna mini. A gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane ka janye, shi ke nan. Na yafe." Ya ajiye ledar a ƙasa, ya goge fuskarsa da hannun riga. "Da na zo tun kana da bakin amsawa. Ni ne babba, ni ya kamata in fara. Kai ma ka yafe mini."

Baffa ya ɗaga hannu, Baba ya kama. Daga nan Baba ya shiga ba shi labari, na damina da geron ƙauye, da wanda ya mutu da wanda ya aurar da 'ya, da rikicin iyakar gonar gado, duk abubuwan da Baffa ya riga ya sani. In ya yi tambaya sai ya dakata kamar mai jiran amsa, sannan ya ci gaba. Ban taɓa jin Babana ya yi doguwar magana haka ba. Yana cikin yi ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce lokacin dubiya ya ƙare, ya ce mata ta ɗan ƙara musu, bai gama ba.